Kujerar da ke busar da citta

Na sayi tsohuwar jif da arha a Kafanchan, irin ta manyan mutane, don in riƙa hawa duwatsun Kagoro ranar Asabar. Makanike ya ɗaga ta, ya sa mata manyan tayoyi. Abu ɗaya ya gagare shi: kujerar gaba ɗumama kanta take, don ƙasar sanyi aka yi ta.

Tafiyar farko na biya ƙauyenmu wajen Kachia. Gwaggona ta dafa kujerar, ta ji ɗumi. Ta shiga gida ta kwaso yankakkiyar cittar da ruwan ƙarshen damina ya hana bushewa, ta shimfiɗa a kai.

"Ɗana, kar ka kashe injin."

Har yau ba wanda ya yaba tayoyin.