Sunan da Kakata Ba Ta Faɗi

Muna kwaleji a Tawa aka kawo mana wani malamin tarihi, mutumin Damagaram, siriri, mai tambaya ɗaya tal a bakinsa. Ko cewa ka yi rana daga gabas take fitowa, sai ya ɗage gira ya ce, "In ji wa?" Duk abin da ka rubuta, dole ka sa sunan wanda ka ɗebo a wurinsa a ƙarshen takarda. Wanda bai sa ba ɓarawo ne, in ji shi, bambancinsa da mai satar akuya kawai shi ba a bin sa da sanda. A gabansa Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci, kamar kowane malami, a bayan idonsa kuwa In-ji-wa.

Wata rana ya ba mu aiki, kowa ya rubuto abin da mutanen ƙasarmu ta Adar ke ci in damina ta ƙi. Ƴan ajinmu suka yi tururuwa zuwa shagon intanet na bakin kasuwa, suka kwaso shafi iri ɗaya, har da hoton wani Bature mai gajeren wando. Ni ko na ce me zai kai ni, ga kakata zaune a gida ba ta da aiki sai cin goro da zagina.

Kakata uwar babana ce. Daga Barmu aka dawo da ita wurinmu da ƙafa ta fara ba ta wahala. Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, don sunan uwar mijinta aka sa mini, ita kuwa irin matan da ce, da ta ambaci sunan suruka gara ta haɗiye garwashi. Inna take ce mini, amma girmamawar a nan ta tsaya. "Inna, mai kan ƙwarya, miƙo mini buta."

Na zauna gabanta da biro, ta ba ni labarin anza, ƴaƴan icen dajin nan masu ɗaci kamar maɗaci. Ta faɗi yadda ake shanya su, a ɓare, a jiƙa, a yi ta zubar da ruwan ana sakewa har ɗacin ya gaji ya tafi, da yadda ake gane sun yi da ɗan taɓawa a harshe. Ta ce da anzar nan babana ya ƙetare wata shekara da rumbunan Barmu suka koma ɗakin ɓeraye.

Na ce, "To tsohuwa, yau za ki shiga takarda. Sunanki zan sa."

Ta tofar da goro. "Kar ki sa ni, ni ban da komai ciki. Ina amarya ko anza ban sani ba. Mai sunanki ta kama hannuna ta koya mini. Ita za ki sa."

Na yi yadda ta ce. A ƙarshen takarda na rubuta sunan marigayiyar, na ƙara "ta Barmu".

Ranar da aka maido takardu, Mushe ya ajiye tawa a ƙarshe, ya ɗaga ta sama kamar mai tallan zane. Ya ce ya ga masu satar aikin wasu, amma yau ya ga wadda ta ɗebo ilimi daga wurin kanta, ta kuma gode wa kanta. Aji ya tuntsire. Na miƙe zan yi bayani, ya ce in zauna, in kuma da gaske wata ta gaya mini, to in kawo ta. Ya ba ni sifiri, masu hoton Bature suka ci. Sifirin bai dame ni ba kamar sunan maƙaryaciya da ya bi ni har bakin famfo. Wallahi na yi kuka, kukan haushi.

Ban yi zaton kakata za ta je ba. Da na gaya mata, sai ta ce, "Shi ɗan wa?" Washegari ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, ta ɗauki sanda, muka kama hanya tana ɗingishi tana zagin ƙafar, tana zagina, tana zagin Damagaram gaba ɗaya.

Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, har gaban allo ta shiga. Mushe ya rasa Faransancinsa, ya rusuna ya gaishe ta. Ta ce labarin anza daga bakinta ya fito, ita kuma daga uwar mijinta. Bakinsa da ya saba ya riga shi: "Yaya sunanta?"

Ta nuna ni da haɓa. "Mai sunan wannan."

Nan ya gane. Shi ma ai wata tsohuwa ta raine shi. Ya ce, "Ya isa, Hajiya, ki gafarce ni." Ya jawo takardar zai gyara maki. Na ce a raina shi ke nan, mu tafi kafin ta fara zagin ƴan aji.

Amma ba ta motsa ba. Ta ce, "Tsaya, yaro. An ce ka ce wanda ya ci abin mutum bai ambace shi ba ɓarawo ne. Matar nan ta ciyar da ɗana, ni ko ban taɓa ambaton ta ba." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Sai ta faɗi sunan, da ƙarfi, har na bayan aji suka ji.

Ban san lokacin da na ce "Na'am" ba.

Ta juyo, idonta cike da ruwa. "Ba da ke nake ba, mai kan ƙwarya."

Har ta rasu ba ta sake faɗinsa ba. Ni dai na amsa, kuma har yau ban janye ba.