Masassaƙin da Ya Sa Aka Kifar da Tukunyar Biki

Kowace safiya Sekuru Chinembiri (Sekuru shi ne kaka a yarenmu) yakan zauna a ƙofar gidansa, a ƙauyenmu kusa da Chiredzi, da gizago a hannu. Duk tuwon masarar da ake ci a nan, da muciyarsa ake tuƙa shi. Kafin ya sari itace sai ya sunsuna.

"Sekuru, miya ce?" mata kan tsokane shi.

"Ku dai ku daina bar mini muciya cikin ruwa, ragwaye! A shanya a inuwa, a shafa man gyaɗa."

Ni ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Ranar da Tete Marwei, ƙanwar babana, ke bikin ɗanta, ta fito da sabuwar muciya da ta saya a bakin titi, mai sheƙi, ga ƙamshi. Aka tuƙa babbar tukunya da ita. Sekuru ya zo wucewa, ya tsaya cak, ya fizge ta ya kai hanci.

"Mutovhoti ce, itacen dafi! Wa ya ci?"

"Haba tsoho, kishi kake don ba taka ba ce?" in ji Tete.

"Kishin me, 'yar nan? Ku kifar da tukunyar!"

Sai na hango 'yata Shuvai, bakinta duk tuwo. Ita aka ba muciyar ta lasa. Na sure ta na goya. A hanyar asibiti tana ta amai, tana murƙususu a bayana, Sekuru na biye da mu da muciyar don ya nuna abin da ta ci. Ta rayu. Cikin baƙin da suka cika gidan, ba wanda ya kai loma baki.

Sekuru, kai ne ka yarda a zage ka a gidan biki don kada washegari a yi zaman makoki. Na gode, mai gizago.

Bana idonsa ya dushe, ya ajiye aiki. Muciyoyin nan masu ƙamshi kuwa har yau suna bakin titi. Da na gaya masa, dariya ya yi.

"Ido ne ya tafi, jikata. Hancin na nan. A turo masu koyo."

Samarin ƙauyenmu, ku je tun yana raye. Shuvai dai ta riga ku, ba ta kai cokali baki sai ta sunsuna.