Saƙon Inna Zuwa Libiya

Shekarun da nake yin bidiyon barkwanci, ba ni da abokin hira ko ɗaya a Tamaske. Tsarata duk sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya, aka bar ni a rumfata ta sharjin salula a bakin kasuwa. Don rage zaman shiru na fara kwaikwayon tsofaffi ina sakawa a intanet: yadda suke cinikin albasa, yadda suke faɗa da jaki. Mutane suka yi ta dariya suna turawa gaba. Da asuba, kafin in taɓa buta, sai na duba ko masu kallo sun ƙaru. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, in hau tudun bayan gari ina ɗaga salula sama kamar mai kakkaɓo magarya. Kai, wahala! Kuma duk masu dariyar nan, da zazzaɓi ya kwantar da ni, babu wanda ya ce ina wane ya shiga.

Da na warke ban koma yin bidiyon ba. Ba wata dabara na yi ba, gajiya ce kawai. Kwanakin farko hannuna kan tafi aljihu da kansa. Masu kallo suka manta da ni da saurin da ban zata ba, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo.

Tsofaffin mata ne suka cike mini ranakun kasuwa. Sukan zo da lambar ƴaƴansu a ƙulle a bakin zane, in danna musu salulata su yi magana, in aika muryar can inda yaran suke. Wokal muke ce masa. Cikinsu akwai wata da ke gangarowa a ƙafa daga wani ƙauye ta wajen Keita. Inna nake ce mata. Ɗanta guda ne, yana Libiya, kuma tun daminar bara waccan ba ta ji ɗuriyarsa ba.

Ran da na fara danna mata, ta gyara zama ta ce, "Ina kwana?" Sai ta yi shiru. "Ina gajiya?" Ta sake yin shiru. Ni da na saba yanke duk wani shiru a bidiyo don kada mai kallo ya gudu, raina ya soma ɓaci. Na ce, "Inna, ci gaba mana, ai ba yanzu yake jin ki ba."

Ta harare ni. "Kai ɗan ga, ka taɓa ganin an gaida mutum ba a bar mai wurin amsawa ba?"

Daga ranar, duk tsawon saƙonta haka nake aika shi, da shirunsa da tarinsa da kukan tumakin kasuwa.

Abin haushin, alama takan nuna an saurara. Kowace kasuwa ta tambaye ni, "Ya ji?" In ce ya ji. Ta ce, "To mi ya hana shi?" A raina kuwa zagin yaron nake yi. Wane irin ɗa ne zai ji muryar uwarsa ya mayar da salula aljihu? Ita ba ta taɓa roƙonsa komai ba. Labari take ba shi: hatsi ya yi kyau a gonar tudu, rumbu ya tsage an liƙe, matarsa ta gaji da jira ta koma gidansu. Abin da take nema guda ne, ta san yana da rai.

Wata ranar da ba ta kasuwa ba, da la'asar, amsa ta shigo. Na danna. Muryar namiji ce, amma Hausar gabas yake yi, ba tamu ta Adar ba. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni, ni ba ɗanki ba ne. Salular nan a hannun wani na saye ta, da lambar a ciki. Na tambayi ƴan Adar da ke nan, ba wanda ya san shi. Na so in faɗa miki tun farko, na ji tsoron ki daina aikowa. Tawa uwar ta rasu ina nan, ban je ba. Duk inda kika yi shiru, ni nake amsawa."

Har tsohon halina ya raɗa mini cewa da zan saka wannan a intanet, da duniya ta ɗauka. Na yi tsaki. Babu wanda zan yi shawara da shi, don haka ni kaɗai na yi ta juya abin har ranar kasuwa. Na yi tunanin in ɓoye, in ci gaba da ce mata ya ji. Amma da na hango ta tafe da ƙwaryarta a ka, na san ba zan iya ba.

Na ba ta kujerata, na kara mata salula a kunne. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ba ta yi kuka ba, ni ne ma na juya ina gyaran wayoyin sharji da ba su da abin gyara.

Ta ce, "Ashe ba shi ne ba."

Na ce, "Ba shi ba ne, Inna."

Can ta ce in danna mata. Ta yi wa baƙon ta'aziyyar uwarsa, ta sa masa albarka, ta ce bai yi laifi ba. Sannan ta matso da bakinta kusa da salular. "Ɗana, abu guda za ka gaya mani, kada ka ɓoye. Can inda kuke, in baƙo ya mutu, ana yi mai salla?"

Na aika. Ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanyar tudu, ba ta ko shiga kasuwar ba.