Iklima, Wadda Ta Gyara Mana Wifi a Saga

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Iklima, ranar Talata, 11 ga watan Maris 2025, ana cikin azumi, mijinki Sulaiman ya kira ni da hantsi. "Tanti Halimatou, sai haƙuri, Iklima ta cika." Zazzaɓin kwana huɗu ne. Shekarunki talatin da huɗu.

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a unguwar Saga, ban san komai ba a kan ordinata, wato kwamfuta. Abin da na sani, da ita muke aika hoton cikin mata ga likita a cikin gari, shi kuma ya gaya mana wadda za ta iya haihuwa a wurinmu da wadda za a garzaya da ita babban asibiti. Bara wifi ɗinmu ya riƙa yankewa. Yau lafiya, gobe na'ura ta ƙame. Masu gyara biyu sun zo, sun ce laifin rezo ne, wato layin sadarwa.

Sai aka turo ki. Kwana tara kina zuwa daga unguwar Koira Kano bisa moto, wato babur, ki zauna a lungu kina karanta rubutun umarnin na'ura da ke haɗa ordinata da wifi. A rana ta shida wata mai hawan jini ta yi awa biyu tana jiran amsar likita, na huce haushina a kanki. Na ce miki zama kawai kika iya. Sai kika miƙe. Kika ɗauki hoton da wayarki kika aika, kika koma lungunki.

Ran da kika gano matsalar har da guɗa. Kika ce, "Tanti, wanda ya rubuta wannan ya ware gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura, ya manta bai share shi ba. Duk tarkacen da ta tarar a ciki sai ta ɗauka umarni ne." Layi ɗaya kika ƙara. Kika kuma aika gyaran ga masu kula da wannan rubutu a ƙasashen waje, don kada wasu su sha wahalar da muka sha. Tun daga ranar wifi ɗin bai sake yankewa ba.

Ban taɓa ba ki haƙuri a kan maganar nan ba, ƙanwata. Kullum sai in ce sai kin sake zuwa. Ki yafe mini.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga Sulaiman, Allah Ya ba shi juriya, Ya raya 'yarku Sakina. Sai ke Hajiya Mariama, mahaifiyarta: a wurin gaisuwa kin riƙe hannuna kin ce har ta rasu ba ki gane irin aikin da take yi ba. Hajiya, matan Saga suna haihuwa lafiya da hannun 'yarki a ciki. Allah Ya ba ki haƙurin rashinta.