Hulata Mai Fuska Biyu

Jikokina sukan zauna gaban talabijin su yi ta musu a kan wane ne mai goyon bayan ƙwallo na gaskiya, wane ne ɗan bin nasara. Nakan yi shiru ina jin su, su kuwa sun ɗauka tsufa ne ya hana ni saka baki. Ba su san cewa a zamanin Turawa, duk faɗin Birnin Gwari ba a yi ɗan bin nasara irina ba. Ni har kayan aiki na ɗinka wa abin.

Lokacin ban fi shekara ashirin ba, ina da keken ɗinki a wata rumfa a bakin kasuwa. Wasan ƙwallo bai daɗe da shigowa garin ba. Malaman elementare ne suka kawo shi, waɗanda suka dawo daga yaƙin Bama suka ƙara masa wuta. Ƙungiya biyu ce kacal. Akwai 'yan gari, wato malaman makaranta biyu da 'ya'yan manoma da wani ɗan doka mai tsaron gida, duk ƙafarsu ƙasa. Akwai kuma 'yan haƙa, leburorin da ke tonon zinariya a wani sansani cikin daji, ƙarti majiya ƙarfi daga ko'ina, waɗanda Baturensu ya sayo wa takalman ƙwallo masu ƙusa. Duk wata ake karawa sau ɗaya, ran Asabar bayan la'asar, kuma duk wata 'yan gari ke shan kashi. In an yi canjaras, to ranar kamar Sallah ce a wurinmu.

Hedimasta ne ya kawo dabarar hula, don a riƙa gane 'yan kallo, a raba su kada a yi dambe. Masu bin 'yan gari su sa koriya, masu bin 'yan haƙa su sa ja. Duka biyun ni nake ɗinka su. To, sai aka haɗa abin da wata ƙa'ida. Sandunan gidan ƙwallo na gora ne, gara kuwa ba ta barinsu su yi wata. Saboda haka washegarin wasa, duk mai hular waɗanda aka ci zai ɗauki adda ya shiga daji a saro sabuwar gora, a dawo a yanke ciyawar fili da lauje, a kwashe kashin shanun da suka yi kiwo a wurin. Wanda bai taɓa shiga wannan daji da damina ba bai san cizon tsando ba. Masu hular waɗanda suka ci kuwa, sai rumfar mahauta, ga tsire ga kalangu, don Baturen haƙa yakan ba da tunkiya.

Ni ina son tsire, kuma ba na son tsando. Amma ba ni da ikon fitowa fili in sa jar hula, saboda Kawu.

Kawu wan mahaifiyata ne, a hannunsa na girma. Wanzami ne, gajere, mai kaurin murya. Bai san dokar ƙwallo ko ɗaya ba. Har ya mutu bai yarda cewa akwai laifi in mutum ya tsaya kusa da gidan abokan gaba yana jiran rabonsa ba. Amma tun ranar da aka fara wasan bai taɓa fashi ba. Yakan zo da zabirarsa ya zauna bakin fili, duk wanda takalmin 'yan haƙa ya cire wa farce, shi zai wanke ya ɗaure. In an ci mu yakan rakito alƙalin wasa da 'yan haƙa da Baturensu ya wanke su tas, ya koma kan 'yan garin ma ya ce ragwaye ne, gara a sa awaki. Da safe kuma shi ne kan gaba da adda.

Sai na zauna na yi tunani irin na tela. Na ɗinka hula koriya, na yi mata shafi da jan ƙyalle, na ɓoye ɗinkin yadda ko ta ina ka juya ta hula ce cikakkiya. Ran wasa nakan zo da koriya, in wuce ta gaban Kawu in gaishe shi ya gan ni da kyau, sannan in tafi can ƙarshen fili inda taron biyu suke haɗuwa, kusa da wata tsamiya. Da na ga inda wasa ya dosa, sai in zaga bayan tsamiya kamar zan kama ruwa, in fito da ja. Leburorin haƙa yau wasu gobe wasu, ba mai tambayar wani. Da safe kuma in an zo neman masu shiga daji, ko cikina na ciwo ko ina da ɗinkin gaggawa. Shekara uku ina wannan, har na yi ƙiba. Ina ji a raina duk garin babu mai wayona.

Ana nan, sai labari ya zo daga ofishin Di'o, Baturen mulki, cewa za a yi wasan lardi a Zariya, kuma wanda ya ci tsakanin 'yan gari da 'yan haƙa a wasa mai zuwa, shi zai je da sunan Birnin Gwari. En'e, wato hukumar sarki, za ta ba da mota. Bayan 'yan wasa, akwai wurin mutum shida daga masu goyon bayansu.

Ban taɓa wuce ƙauyukan da ke kewaye da mu ba. Jirgin ƙasa sai dai a labari, fatake suna cewa tsawonsa ya fi kasuwarmu. Wallahi na so tafiyar nan kamar raina. Na je wurin Hedimasta na ce in 'yan gari suka ci, ai ana bukatar tela ko da wando zai yage. Ya ce haka ne, ya rubuta ni. Na lallaɓa wurin helman ɗin 'yan haƙa, wato shugaban leburorin, na faɗa masa maganar nan ba ragi ba ƙari. Shi ma ya ce haka ne. Na dawo rumfa ina taka keke ina waƙa.

Kuskure ɗaya na yi. Shafin hular ya koɗe, ja ya koma kamar ruwan goro. Na ce irin wannan babbar rana ba a zuwa da jan da za a yi shakkarsa. Na sayo galura a kasuwa na rina shi da kaina, na shanya, na mayar. Da na kai wa marina, da sun san abin da za su sa ya kama. Amma kai musu yana nufin su ga hular.

Ran wasa garin ya yi luf, hadari yana haɗowa ta gabas. Duk wanda ke da ƙafa ya zo. Kafin a je hutu 'yan haƙa sun zura biyu, ɗan doka har ya fara zagin masu tsaron bayansa. Ban ɓata lokaci ba, na zaga bayan tsamiya na fito da ja, na kutsa har gaban helman ina tafi don ya shaida ni.

Ana dawowa daga hutu ruwa ya kece. Fili ya zama taɓo. Takalman nan da suka shekara uku suna cin faratanmu suka kwashi laka, kowane ƙato yana jan ƙafa kamar an ɗaura masa turmi. 'Yan gari kuwa da ma a taɓo suka tashi, gona ce ta koya musu kafa yatsa. Malamin aji uku ya zura ɗaya. Wani ɗan manomi da ko sunansa ba a sani ba ya rama ta biyu. Na tsaya ina lissafi, hannuna a kan hula. Saura kaɗan a hura usur, ƙwallo ta tsaya cik a cikin wani kududdufi gaban gidan 'yan haƙa, mai tsaron gidansu ya zame ya faɗi, malamin nan ya tura ta ciki a hankali.

Na ruga bayan tsamiya na juya hula. Na fito da koriya ina tsalle, ina ihu fiye da kowa, na nufi inda 'yan gari suka taru sun ɗaga malamin sama. Sai na ga mutane suna buɗe mini hanya. Na ɗauka girmamawa ce. Wata mai sayar da gyaɗa ta dube ni ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi, wa ya sare ka?"

Na shafa goshi. Hannuna ja wur. Galura ta narke, tana zuba ta ƙarƙashin koriyar hula, ta bi goshina da kunnuwana da wuyan rigata. Ɗan doka ya ce a kira wanzami, an fasa wa tela kai. Kafin in ce uffan ya cire hular don ya ga raunin. Ya duba kaina, lafiya lau. Ya duba hular. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. 'Yan haƙa da aka ci ma sun manta da baƙin cikinsu, helman har da zama a taɓo yana riƙe ciki. Hedimasta bai yi dariya ba. Ya zaro takardarsa daga aljihu, duk da ta jiƙe, ya ja layi a kan sunana a gabana.

Galurar da ta ƙi kama ƙyalle ta kama fata. Na wanke da sabulu, na wanke da toka, na goga lemon tsami, a banza. Kwana uku ban buɗe rumfa ba. Kunya na ji, amma in faɗi gaskiya, baƙin cikin rasa Zariya ya fi kunyar yawa. Ran na huɗu Kawu ya aiko in zo aski. Na je na durƙusa a gabansa a zaure, ya jiƙa kaina, ya wasa aska a tafin hannu.

Na ce, "Kawu, ka yafe mini. Sharrin Shaiɗan ne, wannan karon kawai."

Ya ce, "Riƙe kanka daidai, kada in yanke ka a kan ƙarya. Ɗan nan, duk sati biyu kan nan yana hannuna. Tun shekarar farko nake tsintar jan zare a ƙeyarka."

Na ce, "Ka sani, ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "In ce me? Ka tafi ka ci tsirenka. Ni tausayi kake ba ni. Ran Asabar ni na yi kuka a bakin fili, da gemuna, ban ji kunyar kowa ba. Kai me ka ji da aka zura ta ukun?"

Ni kuwa a raina na san abin da na ji shi ne tsoron kada in makara zuwa bayan tsamiya.

Ya gama aski ya karkaɗe mini wuya. Ya ce, "Na yi magana da Hedimasta. Wurina a motar nan naka ne."

Na ɗago kai, na ɗauka ba'a yake yi.

Ya ce, "Kada ka yi murna. Ka san irin kashin da za su ba mu a Zariya? Can ba wanda zai ba ka tsire, kuma motar dawowa ɗaya ce. Je ka ka zauna a cikinsu. Ni gwiwata ba ta son jijjigar mota."

Da a ce ni mutumin kirki ne a lokacin, da na ƙi. Ban ƙi ba. Na yi godiya sau uku na tashi da sauri, kada ya sake shawara.

Na je Zariya da jan goshi da hula koriya zalla. Na ga jirgin ƙasa, kuma fatake ba su yi ƙarya ba. Wasa kuwa, Kawu kamar ya duba ƙasa. Rana ƙwal, fili busasshe, aka zura mana bakwai ba ko ɗaya. 'Yan kallon birni suna kiranmu 'yan daji, suna tambaya ko mun bar takalmanmu a gona ne. Wajen ƙwallo ta huɗu na ji wani yana ihu yana zagin alƙalin wasa, muryarsa har ta dushe, ashe ni ne. Da aka tashi, malamin aji uku ya zauna a ƙasa yatsansa yana jini, ba wanzami. Na yage gefen rigata na ɗaure masa, ɗaurin banza. Raina ya ɓaci ɓacin da ban san ƙwallo tana iya jawowa ba.

Washegari da hantsi muka iso. Kawu yana zaune a bakin hanya, an ce tun asuba yake wurin. Ya sa na ba shi labarin ƙwallayen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi sake, ta ina aka bi. Kowacce sai ya ja tsaki ya ce ragwaye ne. Sannan ya tambaye ni jirgi, da gaske yana kuka kamar sa? Na ce ya fi. Ya ce to madalla, ya tashi ya yi gaba da sauri, ba alamar ɗingishi.

Na bi shi gida in gaida Inna, matarsa. Na tarar da ita a ɗaki tana mayar da wata babbar riga cikin adaka, shuɗiya, ta sha bugu tana ƙyalli. Ban taɓa ganinta a jikinsa ba. Na tambaye ta ko ta wane ne.

Ta ce, "Ta kawunka ce. Tun ranar da aka ce za a Zariya ya kai ta wurin masu bugu, tun kafin a san wa zai ci. Kullum sai ya sa na fito da ita ya duba." Ta rufe adakar ta ce, "Kada ka ce na faɗa maka."

Ban ce ba. Ba a sake gayyatar garinmu wasan lardi ba, kuma Kawu ya rasu shekara biyu kafin Turawa su tafi, bai ga Zariya ba.