Injin Nicomedes Ya Daina Fitsari

Shekara ashirin da biyu ina sayar da fetur a kwalabe a bakin kogin Napi, ban taɓa ganin mai saye mai ban haushi irin Nicomedes Cuero ba. Sai ya sansana man, ya ɗaga kwalbar ya duba ta a rana, ya tace shi da tsohuwar hularsa, sannan ya tambaye ni ko na zuba ruwa. Sau ɗaya na taɓa zubawa, shekarar ambaliya, shi ne har yau bai manta ba.

A nan ƙauyen aka haife shi. Ya yi saran katako yana saurayi, ya yi wankin zinariya bai ga ko ƙyallinta ba, sai ya tafi Buenaventura ya yi shekara shida yana dako a tashar jiragen ruwa. Abu biyu ya dawo da su: mata, Petronila, da injin kwale-kwale mai ƙarfin doki goma sha biyar. Da su ya yi sauran rayuwarsa, yana kai ayaba da kwakwa garin Guapi, yana dawowa da gishiri da kananzir da fasinja. Petronila takan ce a gidan kaf ita kaɗai ce ba a taɓa shafa wa giris ba.

Duk ranar da ya taɓa ruwan gishiri, sai ya rataya injin a duro ya wanke masa ciki da ruwan sama kafin shi ya yi wanka. Fulogi da buroshin haƙori yake goge shi. Ƙusar farfela kuwa da ƙusar rufin kwano yake yanka abarsa. Masu ƙera injin sun daina yin irinsa tuntuni, shi ne dai ba su gaya wa ba.

Kayan gyara a wurinmu daga mamata ake samu. In mutum ya rasu aka gama addu'ar kwana tara, iyalinsa sukan sauke injinsa a shimfiɗe a ƙofar gida, kowa ya ɗauki abin da ya yi daidai da nasa. Kayan ba ya rasa sunan mai shi. Kafiretar Nicomedes ta marigayi Fulgencio ce, tankinsa na marigayi Ananías. Amma injin mai rai ba a taɓa shi, ba aro ba roƙo. In ka roƙi ko noti ɗaya a injin mutum, ka ce masa ke nan ya fara shirin mutuwa.

Bara ciwon suga ya buɗe wa Petronila gyambo a ƙafa. Likitan da ke duba irin wannan Alhamis ɗaya yake zuwa Guapi a wata, kuma ya gaya musu ba kwana-kwana: in ta sake tsallake wata guda, ƙafar sai yankewa. Ranar Litinin ta makon da likitan zai zo Nicomedes ya ja igiya a gabana, inji ya tashi, amma ɗan siririn ruwan da yake tsartowa ta baya bai fito ba.

Na ce, "Kawu, mutumin naka ya daina fitsari."

Ya ce, "Kunyarki yake ji."

Da ya kwance injin, ashe 'yar farfelar robar da ke tura ruwa cikin inji ta sanyaya shi ta cinye. Fiffike shida gare ta, uku sun tafi. In babu ita, kafin ka yi nisa inji ya ƙone. Ya yanka wata daga takalmin ruwa, ta kai shi daga rumfata zuwa coci ta watse. Ya buga wa wani mai shago a Buenaventura waya, mutumin ya tambayi shekarar injin, da ya ji sai ya tambaya ko mai shi yana raye. Inji uku ne a ƙauyen har da nasa, ɗaya ya hau kogi da masu haƙar zinariya sai ƙarshen wata. Da filafili kuwa tafiyar kwana biyu ce, ga ruwan sama, ga tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya.

Na ukun na Evaristo Ocoró ne, compadre ɗin Nicomedes, wato wanda ya riƙe masa babbar 'yarsa a coci ranar baftisma. Rana ɗaya suka sayi injinansu, a shago ɗaya. Wata takwas ke nan ɓarin jikin Evaristo ya shanye, yana zaune a kujera bakin taga yana gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa kafin Kirsimeti zai sauka kogi. Kowa kuma ya san robarsa lafiyayya ce, ta ƙarshe da aka samu a Guapi, mako guda kafin ya faɗi ya sa ta.

Ranar Laraba da hantsi na kai kananzir gidan Evaristo, na tarar da Nicomedes a can ya kawo miyar kifi da kwakwa. Na ƙi tafiya. Awa biyu suna maganar tsutsar da ke cin kwakwa.

Can Evaristo ya ce, "Compadre, kwana biyu ban ji tarin akuyar nan taka a kogi ba."

"Hutu na ba injin."

"Hutu. Comadre Petronila fa, ya ƙafar?"

"Da sauƙi."

"Gobe Alhamis."

"Haka na ji ana cewa."

Kowa ya zuba wa miyar ido. Sai Evaristo ya ce, "Tayar min da nawa in ji."

Ni da 'yar Evaristo da ke jinyarsa muka ja kujerar zuwa bakin ƙofa. Nicomedes ya sauka ƙarƙashin gidan, da yake a kan turaku aka gina shi, inda injin yake rataye a duro, ya goge fulogi, ya ja igiya. A ja na uku ya tashi, ruwa yana tsartuwa har yana dukan turken gida.

Evaristo ya daka tsawa da rabin bakinsa: "Kashe! Ka ji wannan ƙarar? Robar ce. Ta lalace."

Nicomedes ya ce, "Compadre, fitsarin nan ai ko jariri..."

"Injina ne ko naka? Cire ta, ba na son shara a injina. Kada kuma ka jefar min da ita a ƙofar gida, tafi da ita can wajenku."

"In na cire ba zai ƙara shiga ruwa ba."

"Sai in sayi sabuwa. Kai dai cire, tsohon banza, surutu kamar mai sayar da fetur."

Ban rama ba. Mu huɗun nan mun san babu wata sabuwa a duniya. Nicomedes, wanda yake iya kwance injin nan ido rufe, sau biyu sifana tana faɗuwa daga hannunsa. Tausayinsu ya kama ni ƙwarai, na zaga bayan gida ina zagin kaji.

Alhamis da sassafe ya shimfiɗa wa Petronila katifa a cikin kwale-kwale, ya kafa mata laima. Inji ya tashi da robar Evaristo a ciki, ruwa ya tsarto. Gidan Evaristo yana ƙasa da rumfata kaɗan, a daidai kwanar kogi. Kafin su kai sai Nicomedes ya kashe inji ya ɗauki filafili.

Petronila ta ce, "Me kuma ya lalace?"

Ya ce, "Ba komai. Ba na so ya ji."

Suna zuwa ƙarƙashin tagar sai ga muryar Evaristo daga sama: "Kai! Tayar da shi mana! Tun asuba nake zaune nan ina jira."

Nicomedes ya ajiye filafilin ya ja igiya, bai ɗaga kai ba.

Sun tarar da likita. Petronila ta dawo da ƙafarta, ban da yatsu biyu, amma wannan sai Asabar muka sani. A safiyar nan ni gidan Evaristo na wuce. Na same shi ya karkata kunnensa mai ji wajen taga, bai ko amsa gaisuwata ba har ƙarar ta ɓace bayan kwana. Sannan ya kira 'yarsa ya ce ta juya masa kujerar ciki, ya gama kallon kogi.