Kada Ki Bari Ya Yi Shiru

Jiya da la'asar ɗan maƙwabciyata a nan unguwar Barade ya tsanyare da kuka, irin kukan nan mai shiga har ƙwaƙwalwa. Uwarsa ta leƙo ta kan katanga tana ba ni haƙuri, wai ya hana ni hutawa. Na ce ta bar shi ya yi abinsa. Ta ɗauka kara nake yi mata, alhali har zuciyata nake nufi. Ni kukan yaro bai taɓa damuna ba, shirunsa ne yake tayar mini da hankali. In ka ba ni aron kunnenka zan gaya maka dalili.

A Jalingo aka haife ni, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san zafi kamar yadda ya san sunansa. Sanyi a wurinmu abin marmari ne, ƙanƙara ce a leda da ake tsotsa a hanyar makaranta. Aikina a gida ɗaya ne, rainon ƙanena. Shekararsa uku, ga rigimar tsiya, ko ƙuda ya sauka a kansa sai ya wage baki. Da ya fara za ka ji Inna daga madafa: "Ke, me kika yi masa?" Dole na ƙware a rarrashi. Na san waƙar da ke kashe masa baki, na san inda zan sosa masa a baya ya yi luf.

Wata damina Inna tana da tsohon ciki, sai Kaka, mahaifiyar babanmu, ta sauko daga tsaunin Mambila ta ce za ta tafi da mu biyun mu yi dogon hutu a rugarsu. Doguwar Bafulatana ce siririya, Hausarta a karkace, kowa "kai" take ce masa, mu yi ta ƙunshe dariya. Ta ɗaga rigunan da Inna ta haɗa mana, duk shara-shara, ta taɓe baki ta ce, "Wannan kayan Jalingo ne." Inna ta yi dariya ta ce haba, da damina wane sanyi kuma? A ƙa'idar garinmu ai sanyi da lokacinsa, sai ƙarshen shekara. Don dai a rabu lafiya ta ƙara wa ƙanena wata 'yar suwaita ta gwanjo, ni kuwa aka ce ai na girma.

Muka bi ta Bali, muka kwana a Serti, washegari mota ta yi ta nishi tana hawan dutse har kunnuwana suka toshe. Bayan azahar aka sauke mu a bakin hanya, sauran tafiyar da ƙafa ce. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba: tudu bayan tudu, ciyawa shar, ba gida, ba itacen da mutum zai raɓa. Rana tana nan, amma ba ta da ƙarfi. Kaka ta goya ƙanena, ta ɗora ƙunshin kayanmu da ƙwaryarta a ka, tana tafe tana waiwayen gabas, tana ce mini in ɗaga ƙafa.

A can gajimare ba ya tsayawa a sama, saukowa yake ya same ka a ƙasa. Na ga wani farin abu yana rarrafowa ta kan ciyawa, kafin in tambaya ya haɗiye mu, ko bayan Kaka da kyar nake gani. Sai iska, sai ruwa, sai wasu fararen duwatsu suna tsalle a gabana. Na tsinci ɗaya na jefa a baki ina murna, ƙanƙara kyauta daga sama! Murnar ba ta je ko'ina ba. Ƙanƙarar ta fara sauka kamar ana jifanmu, tana dukan kai da kunne da yatsun ƙafa. Kaka ta yar da ƙunshin kayan a nan ba ta ko waiwaye shi ba, ta kife ƙwaryar a kan ƙanena. Har yau ina jin ƙarar ƙanƙara a bayan ƙwaryar nan, da kukansa a ƙarƙashinta.

Ƙanƙarar ta wuce, ruwa da iska suka tsaya. Rigata ta manne a jikina, haƙorana suna haɗuwa har na ciji harshe, silifas ɗina ɗaya ya maƙale a taɓo ban ma ji fitarsa ba. Ƙanena yana ta kuka yana karkarwa. Na matsa kusa na kama yi masa waƙarsa da muryar da ke rawa, ina sosa masa baya ta kan zane. A hankali kukan ya ragu, karkarwar ta tsaya, ya kwantar da kai. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce, "Kaka, na samu ya yi barci."

Ta tsaya cak. Ta miƙa hannu baya ta taɓa ƙafarsa, sai ta juyo ta dube ni, kuma ban taɓa ganin tsoro a fuskar babba irin na ranar ba. Da Fillanci ta yi mini magana, yaren da ba ta yi da ni sai abu ya kai maƙura. "Barcin nan ba a tashi daga shi. Ki bi bayana, ni ba na ganin fuskarsa. Ki sa shi kuka, kada ki bari ya yi shiru har mu kai gida."

Ni da aka horar a kan rufe masa baki, yau ni ake cewa in buɗe shi. Na mintsine shi a cinya, ya yi 'yar ƙara kamar ɗan kyanwa. Na ƙara, na ƙara, Kaka tana sauri ina binta da ƙafa ɗaya ba takalmi. Can mintsinin ya daina aiki, don naman ya yi sanyi kamar tulu, ba ya ji. Na ɗaga ƙwaryar na ga leɓensa ya yi toka-toka, idanunsa rabi a buɗe ba sa kallon kowa. Na kira shi, shiru. Na ce an yanka 'yar akuyarsa ta gida, ko motsi. Kaka ta daka mini tsawa ba tare da ta tsaya ba: "Ban ji shi ba!"

Sai na kai bakina kunnensa na faɗi abin da na san ya fi mintsini zafi. Na ce, "Inna ta ba da kai. Sabon jariri za ta haifa, ta ce ba ta son ka, ba za ka ƙara ganinta ba." Ya ɗan yamutsa fuska. Na maimaita. Ya ja numfashi, ya buɗe bakin nan nasa ya kwarara ihu yana kiran Inna. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗi kamarsa ba. Duk sa'ad da ya lafa sai in sake faɗa masa, yana kuka ina kuka. Ni ma wani barci mai daɗi ya fara fizgata, na ce bari in ɗan zauna, Kaka ta zuba mini rankwashin da ya dawo da ni hayyacina.

Ƙaurin hayaƙi muka fara ji, sannan kukan shanu, dab da magariba muka isa rugar. Matar baffanmu ta tuɓe mana jiƙaƙƙun kaya, Kaka ta sa ƙanena cikin zanenta, fatarsa a kan fatarta, ana ɗura masa madara mai ɗumi. Da karkarwa ta dawo masa ne ta ce alhamdulillahi. Da safe na ga makiyaya suna jan wani ɗan maraƙi da ruwan jiya ya rutsa da shi a waje, ya sandare. Ban ci komai ba ranar.

Ƙanena bai tuna dutsen ba, amma bayan mun dawo ya yi watanni yana riƙe da bakin zanen Inna yana tambayarta ko za ta ba da shi. Yanzu furfura ta cika masa gemu, ma'aikaci ne mai ƙarancin magana, in ya zo gidana ya zauna shiru sai ya ji na zungure shi. Kaka ta daɗe da rasuwa. An ce yanzu babur na kaiwa har ƙofar rugar, matasa kuma suna hawa da manyan riguna don ɗaukar hoto a cikin hazon da ya kusa cinye mu.

Jiyan nan dai, ina zaune sai kukan ɗan maƙwabciyata ya ɗauke ɗif. Ban san lokacin da na isa katanga ba. Yana kwance a tabarma, gumi a goshinsa, cikin zafin Jalingo. Duk da haka na ce wa uwar ta ɗan taɓa ƙafarsa. Ta taɓa, ya zabura ya dasa sabon kuka, ta bi ni da harara. Ni kuwa sai a lokacin na iya komawa na zauna.